Kawu a Bakin Ƙofar Tafki

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya.

Bayan azahar labarin ya same ni, ina ofishin aika kaya a unguwar Xiaobei da ke birnin Guangzhou ina manne bakin kwali. Inna, matarsa, ita ta sa aka kira ni daga Yawuri. Can gari bai daɗe da wayewa ba. Ta ce ya yi sallar asuba a zaune, ya nemi a buɗe masa tagar da ke kallon kogi, kafin a kawo koko ya cika. Tun da ciwo ya yi masa nauyi ya bar Guangzhou ya koma gida muke tsoron wannan kiran. Da ya zo, sai na tsaya da waya a kunne bayan an daɗe da kashewa.

Kafin la'asar ofishin ya cika. Muka ture buhunan kaya gefe, muka shimfiɗa kwalaye aka zauna. Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya zauna a kan dilar riguna, hula a hannu, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ɗaga kai kawai. Matar da ke da gidan abinci a ƙasan benen, Musulma ce 'yar ƙasar, ta hawo da butar shayi. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Kawu meyo?" Meyo a bakinsu shi ne babu. Ita a zatonta Kawu sunansa ne na yanka, domin duk layin haka ake kiransa. Ni ne ɗan ƙanwarsa na jini, amma ban taɓa samun kawun nan ni kaɗai ba.

Abokin Kawu ɗan Damagaram, wanda Kawu ke tsokana da Musye, ya taso daga kasuwar Canaan da ledar samfur a hannu, ya shigo yana faɗa.

"Kun ga halin mutumin nan ko? Ya ce mini, Musye, riƙe mini sandata, bayan salla ina dawowa. Ga sanda can a bayan ƙofata. Ni da ko kwata ba na tsallakawa sai na yi addu'a, me zan yi da sandar kifi?"

Ya yi dariya, dariyar ta ƙi ƙarewa daidai, ya juya fuskarsa bango.

'Yan kasuwar Kano, waɗanda kullum ke ce mana masu ƙarni, sun zo da yawansu. Wani dattijo a cikinsu ya ce shi bai taɓa jin Kawu ya ɗaga murya ba. Ɗan Damagaram ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ashe ba ka san shi ba. Tambayi surukinsa."

Ana cikin addu'a da shan shayi, wani daga cikinmu mutanen kogi ya ce a hankali, "To yanzu tafkin fa?" Aka harare shi. Amma babu wanda bai yi wannan tambayar a ransa ba. Da fuskar Kawu muke shiga wurin nan, kuma tun da ya tafi jinya ba mu taka ba, muna cewa sai ya dawo.

Ban daɗe da iya rubutun boko ba. Da furfurata na koya, a ajin manya da ɗaliban jami'a 'yan gida ke yi mana ran Asabar, kuma Kawu ne ya tura ni. Shi ajami ya iya. Ya ce mini, "Je ka koya. Duk abin da muka gani a ƙasar nan a baki yake, ran da muka mutu shi ke nan." Shi ya sa na ɗauki biro. Abin da na fi so a sani game da shi shi ne yadda aka kore mu daga tafkin, da yadda ya mayar da mu.

Tafkin yana arewa da birni. Sai ka bi jirgin ƙasa har ƙarshen layi, ka hau bas, sannan ka taka da ƙafa cikin gonakin wani ɗan itace mai jan ɓawo da suke kira lici. Gidan gona ne na mutum ɗaya, an kewaye shi da katanga, da ƙofar ƙarfe da mai gadi. Mai wurin wani tsoho ne da ya taɓa riƙe masana'antar takalma. Kawu ya daɗe yana sarin kaya a hannunsa. Da ya bar wa 'yarsa aiki ya koma gona, ya ji cewa Kawu ɗan masunta ne, sai ya ce ya riƙa zuwa ran Lahadi. Kawu bai iya cin abu shi kaɗai ba. Ya tattaro mu, mutanen Yawuri da na Haɗeja da ɗaya daga Baga, duk 'ya'yan ruwa da kasuwa ta jefo nan.

Wanda bai zauna a ɗakunan Sanyuanli, unguwar da muke kwana, ba, ba zai san abin da wurin nan yake a gare mu ba. Ɗakina na farko, idan na miƙa hannu ta taga bangon maƙwabci nake taɓawa. Rana ba ta shiga. Kana fita kana shafa aljihu ko fasfo na nan. Zuwana na farko har rama na yi, na daina cin abinci, na ce wa Kawu gida zan koma. Bai yi mini wa'azi ba. Ran Lahadi ya buga mini ƙofa ya ce, "Sa takalmi." Da muka isa bakin ruwa ya miƙo mini sanda da gwangwanin tana, ya yi tafiyarsa can nesa ya bar ni. Na yi kuka a wurin, ba wanda ya gani sai kifi. Da yamma na ci tuwo malmala biyu.

A bakin ruwa Kawu wani mutum ne daban. A Xiaobei yana tafiya da sauri, waya a kowane hannu. Can kuwa sai ya tuɓe takalmi, ya wanke hannu a ruwan, ya yi bisimilla, ya tsaya yana kallo kamar mai jiran a amsa masa sallama. Idan muka cika surutu ya ce, "Ku rage murya, ba gidanku ba ne." Ba ya ƙirga kifi, kuma ba ya son a ƙirga. Ko kwando ya cika, in ka tambaye shi sai ya ce, "An sami na miya." Sigarin da wani ya yar, shi zai tsince. Kuma yana da doka ɗaya da ya taso da ita tun yana shiga jirgin mahaifinsa: kifin da ya fi kowane girma ba na wanda ya kama ba ne, na mai ruwa ne. Kowace Lahadi mukan zaɓi mafi girma mu kai kicin ɗin gidan. Ana karɓa ana godiya.

A can ƙarshen tafkin akwai wata 'yar rumfa mai jan rufi da ƙaramar gada. A nan wasu kifaye jajaye da masu ruwan zinare ke taruwa. Ba mu cika zuwa wajen ba, domin kusa da gidan ne. Babu wanda ya taɓa ce mana kada mu taɓa su. A ƙasar nan ko yaro ya san ba a cin irinsu, don haka ba wanda ya ga dalilin faɗa. Mu kuma a wajenmu duk abin da ke da ƙaya da sarƙa a cikin ruwa abinci ne.

Wata Lahadi da safe, mai gidan ya shiga birni da 'yarsa, sandar suruki ta lanƙwashe kamar za ta karye. Ya daɗe yana fama. Da ya jawo shi gaɓa, sai ga kifi ja da fari, tsawonsa ya kai hannun babban mutum, da baƙin tabo a tsakiyar kai. Muka taru muna kabbara. Suruki ya ce a ɗauke shi hoto ya aika wa matarsa.

Kawu ya tsuguna ya shafa bayan kifin ya ce, "Wannan ya fi ƙarfin kicin. Mutumin nan ya yi mana halacci. Yau zai ci bandar Yawuri."

Da hannunsa ya gyara shi. Ya tsaga shi ta baya, ya bar kan yadda yake don a ga girmansa, ya shafa gishiri da yajin da Inna ke aiko masa. Ya tsinto busassun rassan lici ya haɗa wuta marar harshe. Ranar bai jefa ƙugiya ko sau ɗaya ba, yana tsugune yana juya kifi, hayaƙi na sa shi hawaye. Da la'asar motar mai gida ta shigo. Kawu ya ari babban faranti, ya sa hularsa, ya ce mu biyo shi a baya.

Tsohon ya fito yana murmushi. Ya dubi farantin. Ya ƙara dubawa, ya kai yatsa ya taɓa baƙin tabon nan na kai. Sai ya zauna a ƙasa a kan tsakuwa. Bai yi ihu ba. 'Yarsa ce ta yi magana, da Turanci. Ta ce mahaifiyarta ce ta yi kiwon kifin nan tun yana kamar ɗan yatsa. A tafin hannunta yake ci. Tun da ta rasu, kullum da safe mahaifinta ke zuwa gada ya kira shi. Ta ce mu fita. Ko sandunanmu ba mu ɗauka ba.

Muka hau bas. Kawu na zaune da hannuwansa a cinya, suna ƙamshin hayaƙi.

Makon da ya biyo muka gwada wani kududdufin siminti a gefen babbar hanya, inda ake biya a ba ka aron sanda ka kama kifi. Motoci na wucewa, rediyo na ihu, kifin kuwa ko ƙugiya tsirara ka jefa sai ya haɗiye. Kawu ya naɗe zarensa ya ce, "Wannan ɗibar kifi ce daga baho." Bai sake zuwa ba. Mu ma ba mu daɗe ba muka daina. Lahadi ta koma ranar kwanciya a ɗaki.

A nan rigimarsa da suruki ta taso. Suruki mutum ne mai zafin nama, kuma abin na cin ransa tun da shi ya kama. Bai yi shawara da kowa ba, ya je kasuwar kifin ado ya sayi wani ja da fari mai tsada, aka sa masa a leda da ruwa, ya kai har ƙofa. Mai gadi ya shiga da shi, ya dawo da shi. Ya ce 'yar gidan ta ce idan aka sake ganin ɗayanmu, 'yan sanda za ta kira.

Da Kawu ya ji, a ofis ne, gaban mutane. Ranar na ji muryarsa har bene na ƙasa.

"Wa ya aike ka?"

"Baba, gyara na je yi. Na ɓata, na biya."

"Ka biya me?"

"Kifi ne fa, Baba. Kifi. Har ya fi wancan kyau."

"Kai ka ga kifi. Shi matarsa ya gani a kan faranti, da yaji. Kuma ni na shafa yajin, ba kai ba." Sannan ya sassauta murya. "A garinku idan aka yi wa mutum rasuwa, kasuwa ake zuwa a sayo masa wani? Me ake yi?"

Suruki ya sunkuyar da kai. "Zama ake yi."

"To."

Ɗan Damagaram, da ke gefe yana cin gyaɗa, ya ce, "Sarkin Ruwa, zaman makokin kifi za ka yi? A sanar da ni ranar addu'a in zo da miya."

Kawu ya ce, "Musye, kai da ba ka san bambancin tarwaɗa da igiyar takalmi ba, ci gyaɗarka."

Lahadi na zuwa ya sa farar riga, irin wadda yake sawa zuwa gaisuwar mutuwa, ya tafi. Ba sanda, ba tsaraba. Ya gai da mai gadi. Mai gadi ya kaɗa hannu ya ce, "Lawban meyo," wato mai gida ba ya nan. Kawu ya ce sheshe, ita ce godiyarsu, ya sami wani benci na dutse a wajen katanga, gefen hanya, ya zauna. Azahar ta yi ya shimfiɗa darduma a gindin bishiya ya yi salla. La'asar ta yi ya sake yi, ya yi wa mai gadi sallama ya kamo hanya.

Haka ya riƙa yi. Wani lokaci nakan raka shi, don ina tsoron maganar 'yan sandan nan. Ba su taɓa zuwa ba. Zama ne kawai, yana jan carbi, kurar motoci na wuce mu. Ta saman katanga ana hango ruwan yana ƙyalli. Ni idona can yake. Shi ko sau ɗaya ban ga ya ɗaga kai ya leƙa ba. Na ce masa, "Kawu, mutumin nan ko sanin kana nan bai yi ba." Ya ce, "Ba don ya sani nake yi ba. Amma ya sani."

Zafi ya wuce, ruwan sama ya zo. Wata rana ruwa ya tsuge, mai gadi ya leƙo ya ga dattijo a jiƙe, ya kira shi cikin ɗakin gadi ya zuba masa shayi. Daga ranar kofin Kawu ya sami wurin ajiya a ɗakin. A Xiaobei kuwa an mai da shi abin hira. Kanawa suna cewa masu ƙarni sun haukace. Wasu daga cikinmu ma sun ce ya bari, yana zubar mana da girma a ƙofar wanda ba ya so. Shi dai ya ce musu, "Ba girmanku na ɗauka na tafi da shi ba, nawa ne."

Ranar da 'yar gidan ta tsayar da motarta ina wurin. Ta sauke gilashi ta ce da Turanci, "Me kake so?"

Turancin Kawu na kasuwa ne, amma yana isa inda ya aike shi. Ya miƙe tsaye ya ce, "Ba komai. A ƙasarmu idan baƙin ciki ya sami mutum, zama ake yi kusa da shi har ya ji sauƙi."

"Babana ba ya son ganinka."

"Ba sai ya gan ni ba."

Ta yi kamar za ta ja mota, sai ta fasa. "Me ya sa kuka gasa shi kuka kawo masa? Da kun ci a ɓoye, da ya ɗauka ya mutu ne a ƙasan ruwa."

Kawu ya ce, "Mafi girma na mai ruwa ne. Ubana bai taɓa cin mafi girma ba, ni ma ban taɓa ba. Abin da ya fi komai kyau da na iya yi da hannuna, shi na kawo wa babanki. Ban sani ba. Da na tambaya."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗaga gilashi ta shige. Na ce to, an gama, gobe za a kira mu. Ba a kira ba. Lici ya nuna aka tsinke, Kawu na kan benci.

Sai wata Lahadi, ba na nan, shi ya ba ni labari. Ya ga ƙaramar ƙofa ta buɗe, tsohon ya fito da sandar dogarawa da ɗan bokiti na abincin kifi. Ya rame. Ya zo gaban benci ya tsaya, bai gaishe shi ba, ya miƙa masa bokitin, ya juya. Kawu ya bi shi har gada. Tsohon ya buga ƙarfen gada da sanda, jajayen suka taso baki buɗe, ya nuna wa Kawu yadda ake watsa musu kaɗan kaɗan. Kawu ya ce mini, "Tun ina yaro nake yaudarar kifi da abinci. Ranar na fara ba shi tsakani da Allah."

Ya daɗe yana wannan aikin, ɗan masunta a bakin ruwa ba ƙugiya. Magana ta kai masallaci cewa Kawu na yi wa matacciyar arniya hidima. Wani ya tare shi da ita bayan Juma'a. Kawu ya ce, "Halitta na jin yunwa, na ba ta abinci. Mai ita na cikin kaɗaici, na zauna da shi. Nuna mini wanda aka hana a ciki in daina." Mutumin ya ce zai bincika. Har yau yana bincike.

Da sanyi ya shigo, tsohon ya sa aka fito da sandar Kawu daga sito, an goge ta, ya miƙa masa. 'Yarsa ta fassara: shi kaɗai, duk ran da ya so. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, sannan ya jingine ta a jikin rumfa. Ya ce mata ta gaya wa babanta, tare aka kore su, ba zai iya komawa Sanyuanli da ƙamshin ruwa a jikinsa ya wuce ɗakunan 'yan'uwansa ba. Tsohon ya ɓata rai ya shige gida.

Da ya faɗa mana, ni kaina na ji haushi. Na ce, "Kawu, da ka karɓa. In ka shiga, a hankali ka jawo mu." Suruki ya ce duk zaman nan ya tashi a banza. Kawu ya ce, "Wataƙila." Lahadi ta zo ya koma ya ɗauki bokitinsa kamar ba a yi komai ba.

Ba a fi 'yan makonni ba saƙo ya zo ta bakin mai gadi: mu zo duka. Muka tarar da tsohon a bakin ruwa da ƙunshin igiya mai 'yan robobi masu yawo. Ya dube mu, ya nuna suruki da sanda. Ya gane shi. Ya miƙa masa bakin igiyar, ya nuna masa inda tafkin ya tsuke, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Akwai ƙaramin jirgi a ɗaure, amma suruki bai jira ba. Ya tuɓe riga ya kama igiya da haƙori ya faɗa ruwan sanyin nan. Da ya fito a ƙetare yana kyarma ya ɗaure ta a jikin bishiya, na ga tsohon ya juya yana gyara tabarau. Daga igiya zuwa nan namu ne, daga igiya zuwa rumfa na matarsa.

Kifi bai san igiya ba, Kawu ya san haka. Kafin kowa ya jefa, ya zaunar da mu ya fito da ƙaramin zarto, ya karɓi ƙugiyoyinmu ɗaya bayan ɗaya ya goge ɗan haƙorin da ke riƙe bakin kifi. Mutumin Baga ya kusa kuka. Ya ce, "Kawu, rabin abin da muka kama zai kuɓuce." Kawu ya ce, "Rabin ya isa miya. Idan ja ya kama, ka jiƙa hannunka, ka zare a hankali, ka ba shi haƙuri ka sake shi." Har yau da irin ƙugiyar muke kamu.

Bayan mun koma, Kawu ya rage kamun kifi. Zai kafa sandarsa a gaɓa ya ce in duba masa, ya tafi rumfa. Daga nesa mukan hango su biyu da ƙananan kofuna, wannan ya yi magana ya daɗe, wancan ya karɓa. Mun ɗauka tsufa ne ya sa shi son inuwa. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, me kuke cewa ne, kai ba ka jin nasa shi ba ya jin naka?" Ya ce, "Ni labarin Yawuri nake ba shi. Shi ban san na ina yake ba ni ba, amma yana da tsawo."

Da aka tashi daga zaman makokin Kawu, ni da suruki muka shirya zuwa kai wa tsohon labari. Na ɗauko sanda don sabo. Suruki ya dube ni ya ce, "Yaya, ajiye ta. Farar riga za mu sa."

Mai gadi na ganinmu mu biyu ya gane. Ya shiga ɗakinsa ya daɗe bai fito ba, sannan ya buɗe mana. Muka sami tsohon a rumfa, 'yarsa ta zo ta tsaya a bayansa. Suruki ya faɗa mata, ta sunkuya ta faɗa masa. Tsohon ya juya yana kallon ruwa. Can ya yi tambaya, ta fassara: a ina aka binne shi, kusa da kogin nan nasa? Na ce daga maƙabartar ana jin ƙarar injin jirage. Ya gyaɗa kai. Ya zuba mana shayi da hannunsa, muka sha. Mun yi shawara tun a hanya ba za mu ta da maganar kifi ba, ko da wannan ne zuwanmu na ƙarshe. Muka yi sallama.

Mun kusa ƙofa 'yar ta cim mana. Ta ce za ta faɗa mana gaskiya. Ita ta so rufe wurin tun tuni, baƙi a gidan tsoho ɗawainiya ce. Abin da ya hana ta, tun rasuwar mahaifiyarta babanta ba ya doguwar magana da kowa, har da ita, sai ran Lahadi a rumfar nan.

"Ya ce ku zo Lahadi da sandunanku," in ji ta. "Amma yana tambaya, wa zai zauna da shi a rumfa?"

Suruki ya dube ni, na dube shi. Duk cikinmu babu wanda ya kai ni son jin zare ya motsa a yatsa. Mako guda nake yi ina jiran wannan. Sai a lokacin na gane ba inuwa Kawu ke bi ba, shi da aka haifa a jirgi.

Suruki ya ce, "Yaya, ka san ni. Ba zan iya rufe baki ba, ba zan iya zama ba. Kai ka fi ni haƙuri."

Na ce wa 'yar gidan, "Ni ne."

Lahadin da ta wuce muka je mu duka. Na miƙa wa suruki sandata na wuce rumfa. Kujerar Kawu tana kallon gada, masu kamu suna bayana. Ina jin ƙarar zare na yanka iska, ina jin mutumin Baga na cewa a kawo kwando, tafin hannuna na ƙaiƙayi. Tsohon ya zuba shayi, ya fara magana. Ya daɗe. Ban ji ko kalma ɗaya ba, sai dai sau biyu na ji ya ce Kawu. Da ya yi shiru ya dube ni, na san layi ya zo kaina. Na gyara zama na ce masa da Hausa, "Mahaifiyata ce ƙanwarsa. Ita ta ce tun yana ƙarami ba ya cin abinci sai ya leƙa ko akwai wani a zaure." Ya gyaɗa kai, ya ƙara mini shayi, na ci gaba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sama mana wurin shan iska a ƙasar mutane. Allah ya ba Inna da 'ya'yansa haƙuri. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon zama. Amin.